Hukuncin da Aka Yanke wa Ila a Falonmu

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan naku a cinya, ku ara mini kunnuwanku. Abin da ke cikin wannan babin ban taɓa faɗa wa ko ɗayanku ba, kuma da ban ji abin da na ji ranar sunan 'yar Abba ba, wataƙila da shi za a kai ni kabari. Ina zaune a ɗaki ana ta hidima, sai na jiyo Abba a tsakar gida yana yi wa ƙaninsa tsiya, wai ya je ya gaya wa mata inda ya ɓoye naman suna.

"Kai dai Ila ne, wallahi! Ba a sirri da kai."

Kowa ya kwashe da dariya, har jikokina da ba su taɓa ganin mai sunan ba. Ni kuwa shinkafar da ke gabana ban ƙara kai hannu cikinta ba. Ashe sunan bawan Allahn nan ya zama zagi a gidana, a bakin yaran da ya sha kaiwa makaranta in babansu ya makara. Kun tashi kuna jin cewa Ila ne ya kai Kawunku Sale hannun 'yan sanda a Doha. Haka aka gaya muku, ni kuma ina zaune ban ce a'a ba. To ba haka aka yi ba. Ga yadda aka yi.

Lokacin muna zaune a Mesaimeer, wata unguwa a Doha, a gidan da wurin aikin babanku ya ba shi, shekarun da duk inda ka juya a garin rami ake haƙawa ko bene ake ɗorawa. Haka dai ake gaya mini, don ni ba mai fita ba ce. Shekara tara na yi a waccan ƙasar, amma da za a ajiye ni a bakin teku a ce in koma gida da ƙafata, sai dai a yi cigiya. Kicin ɗina da ɗakina da wayar gida sun ishe ni duniya. Karatuna aji huɗu ne, Turanci ba na ji, Larabcina bai wuce yalla da khalas ba, wato mu je da shi ke nan, amma Allah ya ba ni kunne. Ina tuƙa tuwo zan gaya maka motar wa ta tsaya a ƙofa, wa ya shigo da takalmin roba, wa ya yi sallama ransa a ɓace. Babanku yakan ce da ni aka ɗauka gadi, da an sallami rabin masu gadin Doha. Kuma ina da surutu, wannan kun sani ba sai na rantse ba.

Ran Juma'a kuwa gidanmu ba namu ba ne. Da an sauko daga masallaci sai su fara zuwa, Hausawan da ke gadi a kantuna da waɗanda ke tuƙa Larabawa, mutum goma, wani lokacin sha biyar. Duk sun baro matansu a gida, sun yi mako guda suna fama da burodin Larabawa da shayi. Nakan tuƙa tuwon shinkafa babbar tukunya biyu, in kaɗa miyar kuka da daddawar da ake aiko mini daga Funtuwa. Ba na shiga falon maza. In na gama sai in turo kwanuka bakin ƙofa, in ja kujerata in zauna a bayan ƙofar kicin ina tsince wake, ina jin komai.

Bayan tuwo sai fim. Babanku, Allah ya jiƙansa, injiniya ne mai gilashi da natsuwa, amma in ya ga doki da bindiga a talabijin sai ya koma ɗan shekara goma sha biyu. Tun yana yaro a Zariya yake satar jiki zuwa sinima kallon fim ɗin kaboyi, kuma da ya sami hali sai ya tara kaset-kaset ɗinsu kwali guda, tsofaffi, wasu ma baƙi da fari. An taɓa gwada na Indiya sau ɗaya, aka ga kowa ya rafka tagumi yana tuna matarsa, aka cire. Na kaboyi su ne daidai da su. Garin maza zalla, rana, rairayi, kowa ya baro gidansu ya zo nema, ai ba sai an yi musu bayani ba. Babanku ne mai fassara, don yawancinsu ba su kama Turancin hanci irin na mutanen nan. Fassarar tasa kuwa sai shi. Bature zai yi magana mai tsawo kamar huɗuba, babanku ya ce, "Ya ce ƙarya kake." Wani kuma ya furta kalma ɗaya tak, babanku ya yi minti biyu yana bayani, har da abin da ke cikin zuciyar mutumin. Ba wanda ya damu da sunayen 'yan fim ɗin na gaskiya. Akwai Dogo, akwai Mai Baƙar Hula, akwai Mai Tauraro, wato ɗan sandan garin da ke maƙala tauraro a ƙirji.

Ni ban taɓa zama na kalli ko ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba, amma na san su da kunne fiye da masu kallon. In kiɗa ya yi ƙasa, aka ji takun takalmi a kan katako, ƙwas, ƙwas, ɗan ƙarfen nan na dunduniya yana kacau-kacau, to wani zai mutu. In kiɗan ya ɗauke gaba ɗaya, mutum biyu ne. Abin da na fahimta, labarin kusan ɗaya ne kullum. Ƙauye ne a tsakiyar fako, an sace doki ko an kore shanun wani, alƙali yana can tafiyar kwana uku, mutanen gari sun kama wanda suke zargi, ga igiya, ga itace. Sai a tsaya ana ja-in-ja, a rataye shi yanzu ko a jira alƙali. Na taɓa tambayar babanku, wai mutanen nan ba su gaisawa ne? Kowa sai ya banko ƙofa ya shigo ba sallama, ba ina gajiya, ba ina iyali, ba dole a yi ta harbe-harbe ba? Ya yi dariya har sai da ya cire gilashi, ya kai maganar falo, aka yi makonni duk wanda ya shigo bai gaisa da kyau ba sai a ce ga kaboyi nan.

Ja-in-jar da ake yi a cikin talabijin ba ta kai wadda ake yi a kan kafet ɗina ba. Mutum biyu ne ke riƙe da ita. Akwai Garba, mai gadi a wani kanti a Aziziya, mutumin Mafara, dogo, murya kamar ganga. Yana yaro aka kore wa mahaifinsa shanu, aka kama ɓarayin aka kai su kotu, bayan wata biyu ya gan su a kasuwa suna cin tsire. Saboda haka shi kullum yana bayan masu igiya. Sai Malam Ila, direban wani gidan Larabawa, mutumin Haɗeja, ya girme su duka, gajere, ba ya ɗaga murya. Ya daɗe a ƙasar, Larabci a bakinsa kamar can aka haife shi. Shi ke bi ya kwaso rabinsu a motar kafil ɗinsa, wato Balaraben da takardar zamansa ke hannunsa, ya kawo su, ya mayar da su.

"Ku ja igiyar nan mana!" in ji Garba, yana dukan kafet. "Me ake jira? Kowa ya ga dokin a hannunsa."

"Ganin doki a hannunsa aka yi, Garba. Ba a ga sanda ya kwance shi ba."

"To jira za a yi ya kawo shaidu daga lahira? Malam Ila, kai da a garin nan kake, da ɓarayi sun naɗa ka ubansu."

"In an jira alƙali aka ga shi ne, ai igiyar tana nan. In an rataye shi aka ga ba shi ba ne fa? Kai za ka hau ka kwanto shi da rai?"

"Allah ya ja zamanin alƙali!" sauran su ɗauka, ana tafi ana dariya.

Da haka sunan ya bi shi, Alƙali. Ba ya fushi. In an tashi ma Garba ne ke riga kowa shiga gaban motarsa. Wasa ne irin na mutanen da ba su da kowa sai juna.

A shekararmu ta shida Kawunku Sale ya zo. Ɗan gwaggon babanku ne, kun sani. An ɗauko shi a kan zai yi tuƙi, da ya iso sai kafil ɗinsa ya karɓe fasfo ya kai shi can cikin sahara kiwon raƙuma, shi kaɗai da tanti. Wata biyar ya yi ya gudo. Ran da ya yi sallama a ƙofarmu ban gane muryarsa ba, ni da nake gane ta kowa. A waccan ƙasar wanda ya gudu daga hannun kafil mai laifi ne, wanda ya ajiye shi ma haka, kuma gidanmu ne wurin farko da za a duba. Malam Ila ne ya ce a bar masa. Yana da aboki mai gadin wata gona a Umm Salal, akwai ɗan ɗaki kusa da injin ban-ruwa. Can ya kai shi. Babanku kuma ya shiga neman manyan da za su yi magana da kafil ɗin, a samu ya saki fasfon a rabu lafiya. An ce abin zai ɗauki makonni. Sauran 'yan Juma'a sun san Sale ya ɓuya, amma ba a gaya musu inda yake ba. Kwana bibbiyu nakan cika kula da abinci, wata jar kula mai hawa uku, Malam Ila ya biyo ya ɗauka. Ni ba wanda ya yi mini kwatancen gonar. A bayan ƙofa na ji sanda yake yi wa babanku, sau ɗaya tak, ya zauna a kaina daram.

Ran wata Talata da hantsi, babanku yana wurin aiki, kuna makaranta, wayar gida ta yi ƙara. Na ɗauka, sai na ji sallama da Hausa. Ku da kuka tashi da waya a hannu ba za ku gane ba. A wancan lokacin, a garin da in ka buɗe taga ba ka jin komai sai Larabci da Indiyanci, ka ɗaga waya ka ji baƙuwar murya ta ce ina kwana, ji kake kamar an buɗe maka ƙofar gidanku. Dattijo ne, muryarsa a kwance. Ya gaishe ni gaisuwa ta gaske, ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi zafi, ya tambayi baƙunta. Hausarsa wata iri ce, tsohuwa, akwai kalmomin da rabona da su tun kakata tana da rai. Kuma Hajja yake ce mini, ba Hajiya ba. Kunnena ya ji wannan sarai. Maimakon ya sa in tsaya, sai ya ƙara mini daɗi.

"Hajja, saƙo ne a hannuna daga gida, na mahaifiyar Sale. Ɗan kilishi ne da wasiƙa da magani."

"Ayya, Allah ya saka da alheri. Kawo nan gidan, za a kai masa."

"Da na so haka. Amma tsohuwa ta sa na yi mata alkawari, hannu da hannu, in gan shi da idona in koma in ce mata yana lafiya. Jibi zan tashi. Kin san amana."

Na san amana. Duk wanda ya yi zaman waje ya san saƙon uwa ba a wasa da shi, kuma wanda ya ɗauko shi ba a tsare shi da tambayoyi kamar an kama ɓarawo. Na tuna Gwaggo tana can hankalinta a tashe. Sai na buɗe baki. Na ce ya bi hanyar arewa, in ya wuce masallaci mai koriyar hasumiya ya saki kwalta, ƙofa ta uku, shuɗiya, ya tambayi ɗakin inji. Har na ce ya gaya wa Sale gobe akwai dambu. Ya yi mini addu'a mai tsawo, na ce amin, na ajiye waya ina jin na yi aikin lada.

Washegari Malam Ila ya zo ɗaukar kula. Na miƙa masa ta bayan ƙofa ina ba shi labari da murnata.

"Malam Ila, Sale zai ci kilishi. Wani dattijo ya zo da saƙon Gwaggo, na yi masa kwatance."

Na ji ya ajiye numfashi.

"Yaushe, Hajiya?"

"Jiya da hantsi."

"Ya faɗi sunansa?"

Sai a lokacin na lura bai faɗa ba, ni kuma ban tambaya ba. Malam Ila ya juya. Na ji gudun takalminsa, mutumin da ban taɓa jin ya yi sauri ba, na ji motar ta fita da ƙara. Ko da ya isa, an riga an kwashe Sale da mai gadin gonar tun jiya da la'asar. Sai daga baya muka gane mai wayar. Cikin jikokin mutanenmu ne da suka tafi Makka a ƙasa tun zamanin da, suka zauna a Sudan. Yana yi wa kafil ɗin Sale aikin takardu, lambar wayar gidanmu kuwa tana cikin takardun da Sale ya cike da zai zo. Babu saƙon Gwaggo, babu kilishi.

Malam Ila ya kira babanku ya ce an kama Sale, bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ran Alhamis ya ɗauki kaya da sabulu ya kai masa inda ake tsare da shi. Wani abokin aikin Garba ya gan shi a ƙofar wurin yana gaisawa da ɗan sanda da Larabci, har ɗan sandan ya dafa kafaɗarsa. Kafin Juma'a labari ya zaga. Ni kuma kwana biyun nan ina ta jiran bakina ya buɗe. Ni da ake roƙo in yi shiru, na kasa haɗa kalma huɗu in gaya wa mijina. Sau uku ina zuwa ƙofar ɗakinsa, in ƙare da tambayarsa ko zai sha shayi.

Ran Juma'ar na tuƙa tuwo kamar kullum. Malam Ila ya iso shi kaɗai, ba wanda ya shiga motarsa. Sallamarsa mutum biyu suka amsa, babanku da wani can ƙasa-ƙasa. Da aka zauna cin abinci na leƙa ta kafar ƙofa, abin da ba na yi. Kowane kwano mutum huɗu ne a kai, nasa shi kaɗai.

"Injiniya, yau ba sai ka sa kaset ba," in ji Garba da aka wanke hannu. "Muna da namu."

"Garba, a bi a hankali."

"A hankali za a bi. Malam Ila, tambaya ɗaya. Wa da wa suka san inda Sale yake?"

"Ni na sani. Injiniya ya sani. Sai..."

Ya tsaya. Duk falon ba wanda ya ji tsayawar nan sai ni. Ina zaune da tiren wake a cinya, tsakanina da shi katako ne kawai.

"Sai Allah," ya ƙarasa.

"To madalla. Injiniya ɗan'uwansa ne. Hajiya ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ba ta san hanyar ko'ina ba. Mai gadin gonar tare aka kwashe su. Saura wa? Wa ke jin Larabci? Wa aka gani jiya ɗan sanda yana dafa shi? Wa ya shekara huɗu a ɗakin nan yana gaya mana a bar wa hukuma komai?"

"Fim ne fa, Garba," in ji babanku.

"A wurin fim ake gane zuciyar mutum, Injiniya. Tsoro ya ji. Ya ga abin zai taɓa zamansa, ya je ya wanke kansa."

"Ban kai Sale ba," in ji Malam Ila.

"Rantse."

"Wallahi ban kai shi ba."

"To wa ya kai shi?"

Bai amsa ba, kuma shirun nan shi ya gama da shi. Na ji falon ya ɗauka gaba ɗaya, kowa na magana, irin hayaniyar da nake ji a kaset kafin a jefa igiya a reshe. Ba su da igiya, amma a Doha ba a bukatarta. Kowa ya san motar da Malam Ila ke kwaso su da ita, yake kai wa Sale abinci da ita, ta kafil ce, kuma ba da saninsa ba. Waya ɗaya ta isa. Na ji wani ya faɗi haka a fili. Na ji babanku ya ce kada wanda ya kuskura, a ba shi mako guda ya bincika. Na ji Malam Ila ya tashi, ya yi sallama, yana neman takalminsa cikin na mutane. Hannuna yana kan mariƙin ƙofa. Taku biyu ne. Na tuna maza goma sha uku za su juyo su kalle ni, na tuna Gwaggo, na saki mariƙin.

Da la'asar, bayan sun watse, babanku ya shigo kicin shan ruwa ya same ni tsaye a kan kwanukan da ban wanke ba. Na gaya masa duka, ban rage komai ba. Ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Ila ya sani?"

"Shi na fara gaya wa, Alhaji."

"Ya sani, ya zauna suka yi masa haka."

"Ka kira su. Ko ka bari in gaya musu da bakina."

"Ki gaya wa Garba? Kafin magariba maganar tana Zariya. Gwaggo ba za ta sake cin abincin hannunki ba, yaran nan su tashi ana nuna uwarsu. A'a. Ki bar ni da su. In zuciya ta huce zan bi su ɗaya-ɗaya in ce na bincika, ba Ila ba ne. Mako guda kawai."

Ba zan ɗora wa babanku ba, yana kabarinsa. Ya faɗa ne don ya rufa mini asiri, ni kuma na karɓa da hannu biyu, don abin da nake so in ji ke nan. Na san mijina. Da na ce a'a, da ya ɗauki waya a take.

Mako gudan bai samu ba. Ran Lahadi wani ya buga wa kafil ɗin Malam Ila waya. Garba bai taɓa cewa shi ne ba, bai kuma taɓa cewa ba shi ba ne. Balaraben ya duba mitar motar ya ga tafiyar da ta yi, ya kira shi, ya ce khalas. Shekara goma sha ɗaya a gidan, aka soke takardar zamansa, aka ba shi 'yan kwanaki ya tattara. Babanku ya je har gidan ya roƙa, ko wurin zama ba a ba shi ba. Ya bi 'yan Juma'a yana cewa ba Ila ba ne. Suka ce to wane ne, ya ce shi dai ya bincika. Sai suka ce Injiniya mutumin kirki ne, yana rufa wa tsoho asiri.

Ran da Malam Ila zai tafi, da hantsi, na ji tasi ta tsaya, na ji takun da na sani. Ya yi sallama a ƙofar kicin ta baya, inda yake karɓar abinci. Jar kular nan ce a hannunsa, tun ran Larabar tana wurinsa. Ya wanke ta tas. Da na karɓa na ji nauyi, na buɗe, dabino ne cike da hawa ukun.

"Malam Ila, har da wahala?"

"A gidanmu ba a mayar da kwano haka nan, Hajiya."

Na tsaya a bayan ƙofa ina kuka ba sauti, amma na san ya ji.

"Me ya sa ba ka faɗa musu ba?"

"Shekara huɗu ina cin tuwonki. Kuma ba da mugunta kika yi ba, gaishe ki aka yi kika amsa. Ni in an zage ni a nan, in koma Haɗeja in kama fartanyata. Ke a cikin dangin nan za ki zauna har ƙarshe."

"Ka yafe mini."

"Ban riƙe ki ba balle in yafe. Ki gaishe da yara. Ki ce wa Abba ya rage gudu da keken nan." Har ya juya, sai ya ɗan yi dariya. "Garba kuma a ce masa ina nan a kan bakana. A jira alƙali."

A kaset, in mutum zai bar gari, kiɗa ke tashi, a ji kofaton doki yana yin nisa. Ni abin da na ji ƙofar tasi ce, sai da ya buga ta sau biyu kafin ta rufu.

Sale ya yi wata uku a tsare aka sa shi a jirgi. Ya dawo da labarin da aka ba shi, ya baza shi a Zariya, wasu suka kai shi har Haɗeja. An ce shekaru Malam Ila ya yi in ya shiga taro ana rage murya. Juma'a ta ci gaba a gidanmu, amma ba kamar da ba. Babanku ya sa kaset sau biyu ko uku. Da aka zo wurin igiya Garba ya ce a ja, ba wanda ya ce masa a'a, shi ma sai ya yi shiru. Na ji babanku ya bar fassara a tsakiya, Turawa suna ta magana su kaɗai. Daga nan ya ce na'urar ta lalace. Ba ta lalace ba, ni ke goge ta. Kun sha tambayata me ya sa Baba ya daina kallon kaboyi, nakan ce girma ne. Bayan mun dawo gida sau biyu yana cewa zai je Haɗeja, Allah bai nufa ba.

Ni kuma na ci gaba da surutuna a kan komai ban da wannan. Na zauna kuna girma kuna jin Kawu Sale yana tsine wa Ila a tsakar gidan nan, ni ina zuba masa abinci. Ban san ran da kuka mai da sunan abin wasa ba. Ko kuwa na sani, na yi kamar ban ji ba, ni mai kunne.

Bayan sunan nan na sa an bincika mini. Yana nan da rai. An ce idonsa ya tafi, yana wuni a kan tabarma a ƙofar gidansa. Gwaggo ta rasu ba ta sani ba, wannan ya wuce ni. Amma Sale yana nan, kuma gobe in Allah ya kai mu zan aika a kira shi in gaya masa da bakina, ya yi duk yadda zai yi da ni. Bayan haka ina so in je Haɗeja, in tsaya a ƙofar gidan nan, a gaban maƙwabtansa, in faɗi wanda ya yi kwatancen gona. Jar kular tana nan a saman kabad ɗina, wadda ba na bari ku taɓa. Zan tuƙa tuwo in cika ta, hawa ukun. Sai dai kun san ni, ko hanyar tasha ban sani ba. Abba, kai da sunan ya fi zama a bakinka, kai za ka tuƙa ni, ko in nemi wani cikin ƙannenka?